Masharuwa Da Tatsuniyar Rana

Ba zan ce muku ga ta nan ba, ku ma ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba, don ba tatsuniya na ɗauko ba. Abu ne da ya faru a tsakar gida, ido na gani, rana na dukan kaina. Sunaye kuwa kada ku jira su daga bakina. Mace irina ba ta kama sunan miji, ba ta kama na ɗan fari, labarin kuma kusan duk nasu ne.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Durun, ƙasar Kabo. Malam, wato maigidana, manomi ne da damina, maharbi da rani. Ba malamin allo ba ne. Ni ce na laƙa masa Malam tun ina amarya, don in sami abin da zan ɓuya a bayansa in zan kira shi.

Shekarar da aka tsayar da Shari'a a Kano ita ce shekarar da ya fara mantuwa. Da fari abin bai taka kara ya karya ba: ya idar da azahar, ya sake ɗaura alwala zai yi azahar. Sai wata rana ya tafi gona ya nome ta maƙwabci tas, ya dawo yana ce mini bana dawarsa ta yi kyau. Zamanin kuwa ya yi tsanani. A rediyo kullum cewa ake a tsuke bakin aljihu, mu da ko aljihun ba mu da shi. Taki ya gagara, ƙasa ta gaji, mu ma mun gaji. Da muka yi damina biyu a haka, ɗana na fari ya zo da motar haya, ya kwashe mu da 'yan tukwanenmu zuwa gidansa a Gwarzo, ya ce ko ba komai asibiti na kusa.

An je asibitin. Suka ce tsufa ne, suka ba da wata ƙwaya da take kwantar da shi tun kafin magariba, ba ya motsi sai asuba. Da rana kuwa sai zama. Mutumin da ya san kowace kuka daga Durun har dajin kudu ya koma kamar turmin da aka jingine a jikin danga, sai ya wuni bai ce uffan ba. Ni dai ya san ni. In na gifta idonsa na bina, in wani ya miƙa masa ruwa sai ya dube ni tukuna kafin ya karɓa. Da wannan nake rayuwa.

Ɗana gyaran rediyo da talabijin yake yi a zauren gidan. A cikin kayan da aka kawo gyara aka ƙi dawowa akwai wata 'yar na'ura mai cin faifai, irin faifan nan mai ƙyalli kamar madubi. Da ya buɗe ta ya tarar da faifai ɗaya a ciki, ba kwali, ba suna, mai ita kuma an ce ya tafi kudu neman abinci. Lokacin an sa ido ƙwarai a kan gidajen kallo, ba ya son a taru a ƙofar zaure a ce shi ma ya buɗe nasa. Sai ya ja waya har tsakar gida, ya kafa na'urar da akwatin talabijin a ƙarƙashin rumfar da Malam yake wuni. Wuta da hantsi ake kawo ta a unguwar, in an ga dama, a ɗauke kafin azahar.

Abin da ya fito zane ne, amma yana motsi, yana magana da wani yare da ko ɗana ba ya ji. Ya ce katun ake ce masa, wasan yara ne. Na ga jirgi a sararin sama, ba irin mai fiffike da ke kai alhazai ba. Wannan kamar ƙatuwar salka ce da aka hura ta cika, aka rataya mata kwale-kwale a ƙasa. A ciki akwai mutane, maza da mata, kowa da igiya a ƙugu ɗaure da jikin jirgin, da tukunyarsu da shanyarsu kamar 'yan ci-rani. Can wani ya yi ihu, kowa ya zabura ya ɗauki mashi. Sai abin ya fito daga hadari: dogo kamar mesa, fiffike irin na jemage, gashin baki irin na tarwaɗa, in ya buɗe baki gajimare ya shige ciki.

Sai na ji murya a bayana, muryar da na yi wata biyu ban ji ta cika ba.

"Masharuwa ne."

Malam ya miƙe zaune, ya dafa gwiwa, ya tsura ido. Ga waɗanda ba su tarar ba: kakanninmu sun ce akwai wani maciji da ke kwana a tsohuwar rijiya, in hadari ya haɗu sai ya tashi sama ya shanye ruwan, bakan gizo kuma jikinsa ne. Ɗana ya ce a'a Baba, diragon ake ce masa, kuma babu shi a duniya. Matarsa, wadda take zuwa Islamiyya, mutuniyar kirki, ta ce a hankali ai ruwa na Allah ne, babu macijin da zai sha. Malam bai ko dube su ba. Ya ce a bar shi ya ga yadda za su yi masa kwanto.

Na'urar tana da hali: in aka ɗauke wuta sai ta koma farko, abin da ake dannawa ta yi gaba kuma ya tafi kudu da mai ita. Don haka farkon labarin mun gan shi ya fi a ƙirga. Malam bai gaji ba. Ya raɗa wa mutanen suna. Akwai babbansu, mai farin gemu, wanda akalar jirgin ke hannunsa. Akwai mai jar hula, siriri, mai yawan dariya, shi ne kullum yake fara dira a bayan dabbar, igiyarsa na reto. Malam ya ce wannan ya iya, amma yana da gaggawa.

Ran kasuwa taubashinsa ya zo daga Mainika, tsoho mai kiwon awaki, sun yi shekara saba'in suna zagin juna. Tun daga zaure yake cewa ina bawan nan nawa da ya zama ɗan birni. Dā in ya zo sai ya ƙare tsiyarsa shi kaɗai, ya tafi jiki a sanyaye. Ranar nan ya tarar ana farauta. Da ya ga sun kayar da dabbar suna feɗewa, ya ce ai wannan mushe ne, ba wanda ya sa wuƙa a wuya, ba wanda ya dubi alƙibla.

Malam bai juyo ba ya ce, "Maharbi a bakin kibiya yake bismillarsa. Kai me ka sani? Ka taɓa harbin abin da ya wuce kazar maƙwabci?"

"Bi a hankali da maganar kaza, bawa. Shari'a ake yi yanzu, da hannuna biyu nake so a binne ni."

Malam ya yi dariya har da tari. Ni ina bakin murhu na sunkuyar da kai, don kada surukata ta ga idona. Ranar nan da hannunsa ya ci tuwo, yana gaya wa taubashi cewa dabba irin wannan kurwarta na bin wanda ya kashe ta, kuma bai ga mutanen nan sun yi wankan magani ba. Wata rana sai ta karɓi ɗaya daga cikinsu.

Wata Laraba wuta ta daɗe, muka wuce inda muka saba tsayawa. Suka tarar da wani Masharuwa baƙi, ya fi duk na baya. Mai jar hula ya dira a bayansa ya kafa mashi. Dabbar ta nutsa cikin hadari tana jan igiyarsa, igiyar tana jan jirgin, jirgin ya karkata har tukunyarsu ta gangara ta faɗa. Mai farin gemu ya dubi mutanensa, ya dubi igiyar. Ya zare wuƙa ya yanke ta. Aka nuna jar hular tana juyawa ita kaɗai a iska. Sai hoton ya daskare, ya farfashe kamar tsakin masara. Ɗana ya ce faifan ya karce a nan, kuma ko bai karce ba ƙarshensa ke nan, sauran labarin yana faifai na biyu.

Malam ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya juyo gare ni.

"Sun koma sun ɗauko shi?"

Na san ba mai jar hula kaɗai yake tambaya ba. Ina goyon ɗan farin nan aka yi abin. Malam na da ƙane, autansu, magidanci da iyalinsa. Ƙarshen wani rani suka tafi farauta dajin kudu, Malam ne jagora. Ni na cika wa autan gorarsa da fura, don matarsa tana wankan jego. Autan ya harbi gwanki, gwankin ya tsallake wani busasshen kogi, ya bi shi. Aka yi ruwan farko a can sama, kogi ya kawo, ya raba su. Suka kwana biyu a gaɓa suna kira suna busa ƙaho. Guzuri ya ƙare, ƙasa ta jiƙa, kowa hankalinsa na gona. Malam ne ya ce a juya gida. Da ruwa ya janye ya koma da mutum uku, gorar kawai suka samo rataye a reshe. Shi ya miƙo mini ita. Shekara arba'in da ɗoriya maganar nan ba ta fita daga bakinsa ba.

Na ce ban sani ba, Malam, sai an samo ɗaya faifan. Washegari da hantsi ya sake tambaya, jibi ma haka. Yakan manta ya ci abinci, wannan kuwa bai manta ba.

Ɗana ya yi iya yinsa. Ya goge faifan da man goge baki, ya goge da auduga da kananzir. Nan dai yake tsayawa, a kan hular. Ya bi masu faifai na Gwarzo da Kabo. Ya shiga Kano sau biyu duk da tsadar mota. Ya tarar wasu sun rufe, wasu sun koma sayar da kaset ɗin wa'azi da turare, waɗanda suka rage kuma in baƙo ya tambayi abin da ba a baje ba sai su ce babu tun bai rufe baki ba. Wanda ya saurare shi ya ce ya faɗi sunan fim ɗin. Ina suna? Ya ce na masu jirgin salka ne da ke farautar maciji. Aka yi masa dariya.

Ran da Malam ya fara fita ina wanke-wanke a bayan ɗaki. Na dawo tabarma ba kowa, igiyar guga ma babu. Wani mai amalanke ya gan shi a hanyar Kabo, igiya a kafaɗa, yana tafiya irin ta dā, ta maharbi. Da aka dawo da shi bai yi gardama ba, ya ce dai mutum ba ya wuce kwana uku ba ruwa. Karo na biyu muka neme shi tun hantsi har la'asar sakaliya. Wasu mata masu itace suka same shi bayan Unguwar Tudu, leɓe ya bushe, ya zura igiya cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini, yana jira a kama. Muka ɓoye takalmansa, ya fita ba takalmi. Wani maƙwabci ya ce a sa masa mari a ƙafa. Ɗana ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ni na koma wuni a bakin zaure ta ciki, ƙafata miƙe a ƙofa. Amma ni tsohuwa ce, gyangyaɗi na ɗaukata. Na san wata rana zai fita ba a same shi ba, ko a same shi a rijiya.

Surukata ce ta kawo maganar. Ta ce Inna, ke da kika fi kowa iya tatsuniya, me zai hana ki ƙarasa masa labarin da bakinki, ki ce sun koma? Na ce to, bari dare ya yi. Ta tuna mini kafin dare ƙwaya ta kwantar da shi, tambayar kuma da hantsi take zuwa, da hantsi yake fita.

Ba a tatsuniya da rana. Kowa ya san wannan a ƙasarmu: wanda ya yi ta da rana ɓata zai yi. Surukata ta ce camfi ne. Na ce ke kin yi karatu, ni ban yi ba, amma ni na gani. Ina ƙarama na yi wa ƙawayena tatsuniya a bakin dutsen niƙa rana tsaka, kakata ta buge mini baki. A makon na ɓace a kasuwar Kabo, kasuwar da na sani kamar yunwar cikina, na yi ta zagaya rumfuna ina kuka har yamma. Yanzu ba don kaina nake tsoro ba. In na ɓata, wa zai kalla kafin ya karɓi ruwa?

Na yi kwana shida ina ƙi. Rana ta bakwai na farka daga gyangyaɗi na ga ya tsallake ƙafata, hannunsa na kan ƙyauren zaure. Na riƙe bakin rigarsa, ƙarfinsa ya fi nawa, yana jana a ƙasa. Sai na ji bakina ya ce, Malam, labari ya zo, sun koma.

Ya saki ƙyauren. Na kai shi rumfa na zaunar, inuwa ta tattare a ƙarƙashinmu. Na ce a zuci, Allah, in ɓatan gaskiya ne, ka san dalilina. Na fara.

Na ce da hadari ya wuce mai farin gemu ya ce a juya jirgi. Mutanensa suka ce guzuri ya ƙare, ya ce ko da ganye za a ci. Suka yi ƙasa-ƙasa suna bin jinin dabbar a kan gajimare. Malam ya tare ni, ya ce jini ba ya zama a gajimare, sai dai su bi ungulu. Na ce haka ne, ungulu suka bi. A kwana na uku suka hango dabbar a mace a gaɓar wani kogi, ga mutum zaune a inuwar fiffikenta, ƙafa ɗaya a karye, ya rataye gorarsa a reshe don a gani. Ban san lokacin da gorar ta shigo ba. A akwatin babu gora. Suka zura igiya, mai farin gemu da kansa ya sauka.

Malam ya matso. "Me ya ce masa?"

"Ya ce, Yaya, na san za ka dawo."

Ya girgiza kai. "Ba haka zai ce ba. Kin manta halinsa? Cewa zai yi, kun daɗe, furar ma ta yi tsami."

"Haka ya ce. Ni ce na manta."

Ya yi dariya, dariyar ta juye, ya rufe fuska da hannun riga. Na juya baya, don ban taɓa ganin hawayensa ba, kuma ba ranar zan fara ba. Ya sha fura ya kwanta, bai nemi ƙofa ba.

Washegari da hantsi ya manta an ɗauko, ya sake tambaya, na sake faɗa. Haka muka yi kullum, damina ta shiga ta fita. Wata rana in gaji in taƙaita, sai ya kama ni ya ce na tsallake ungulu. Igiyar guga ta zauna a bakin rijiya, aka mayar masa da takalmansa. Taubashi ya zo ya zauna ya ji, bai yi tsiya ko ɗaya ba, don yana cikin mutum ukun da suka samo gorar. Ni kuwa na daina zuwa ko'ina. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, duk na yanke, ina tsaron kaina. Surukata tana tsokanata, ta ce Inna wata biyar ke nan, har yanzu kina gane hanyar banɗaki.

Bayan girbi, wata safiya na kai masa ruwa. Bai dube ni ba. Ya duba bayana, ya duba ƙofar ɗaki, ya daɗe, sannan ya karɓa. Na ce a raina gigin barci ne. Da hantsi ya yi tambayarsa, na ba da labari, aka ɗauko mai jar hula, fura ta yi tsami. Da na gama ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce Allah ya saka, baiwar Allah. Sannan ya ce:

"In kin fita ki biya ki gaya wa mai ɗakina an same shi. Ita ta cika masa gorar. Ta daɗe tana ɗauke da abin, ba ta faɗa."

Na ce Malam, ai ni ce. Ya dube ni da kunya, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi ɓaramɓarama cikin mutane, ya ce a'a, tasa tana da goyo, tana can Durun. Na ɗauko masa gorar daga cikin kayana. Ya gane gorar, ya rungume ta. Ɗana ya durƙusa yana cewa Inna ce, Baba, Inna ce. Malam ya ce wannan bawan Allah ya yi haƙuri ya rage murya a gidan mutane.

Sai ya fara laluben takalmi. Ya ce tunda ba mai kai saƙon shi zai je, bai kamata ta kwana ba ta ji ba. Na dubi surukata, ta dubi ƙasa. Ba ta ce camfi ba, ni ma ban ce na faɗa miki ba. Babu abin da ya rage a hannuna sai abin da ya kawo ni nan. Na ce zauna, Malam, an riga an aika mata, ta taso, tana hanya.

Ya zauna. Ya ce ta ina take yanzu?

Daga ranar tatsuniyata ta zama biyu, duk da rana. In an ɗauko mai jar hula, sai a koma kan matar da ta taso daga Durun, goyo a baya, ƙwarya a ka. Yau ta wuce gonakin ƙauye. Gobe ta tsaya a Kabo gaida 'yar'uwarta, ka san halinta da doguwar gaisuwa. Ya ce ya sani. Ta huta a gindin kuka ta ba yaro nono. Ƙaya ta soke ta. Yakan tambaya ko zanen saƙin nan ta ɗaura, mai ratsin fari, in ce shi ta ɗaura. Zanen ya mutu tun ɗana bai yi kaciya ba, ashe yana nan a wurinsa.

Da na so, kullum sai in mayar da ita Durun, tunda ba zai tuna ba. Ban iya ba. Ni ma ina so ta iso. Shigo da ita kuma ban iya ba, don in na ce ga ta a ƙofa zai ɗaga kai ya duba, ba wanda zai gani sai ni. Sai na riƙa rage mata taku. Tafiyar wuni ɗaya na shimfiɗa ta wata uku.

Wata Alhamis hanya ta ƙare mini, na kawo ta bakin kasuwar Gwarzo. Na ce ta tsaya wurin masu goro tana tambayar gidan mai gyaran rediyo. Malam ya gyara hularsa. Ya ce in aika a taro ta, ba ta san garin ba, kada ta ɓata. Na ce to. Na tashi kamar zan aika, na zaga bayan ɗaki na tsaya, na jingina kaina da bango har aka kira azahar. Da na dawo yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa wajen zaure, gorar a hannunsa. Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce ƙurunƙus ba a ranar, yau ma ba zan ce ba. Tana nan bakin kasuwa inda na bar ta, da goyonta, ba wanda na aika.